Ranar da Aka Tambaye Ni Ko Ina da Tausayi

Lokacin da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan, aikina ya bi shi. Ni ban taɓa shiga ƙarƙashin ƙasa ba. Direba ne ni a wani ƙaramin kamfani da ke jigilar ma'aikata daga unguwa zuwa bakin aiki, safe da yamma. Da aka rasa waɗanda za a kai, sai aka jera motocin a gareji, aka sallame mu.

Daga Damagaram na zo Arlit tun ina saurayi, ina karen mota a bayan wata tsohuwar kamyo mai ɗaukar gero da albasa. A nan na yi permi, wato lasin tuƙi, a nan na yi aure, a nan aka haifi ƴaƴana. Wasu abokan aikina sun ɗaure kaya sun koma kudu, wasu sun nufi wuraren haƙar zinariya. Ni na zauna, don ko na koma gida ban san abin da zan koma in yi ba. Mai ɗakina ta fara suyar fanke a ƙofar gida, da shi muke lallaɓawa. Ni kuwa kullum in wanke fuska in tafi tasha, in zauna a inuwar motocin mutane, in sha shayi, in dawo.

A tashar na ji labarin wani Alhaji mai manyan motoci a hanyar Assamakka, garin da ke bakin iyaka, yana neman direban mota mai taya goma. Hanyar ba baƙuwata ba ce. Kafin in koma jigilar ma'aikata na yi shekaru a kanta, ina ɗauko taliya da dabino da madarar gari daga bakin iyaka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda aka ce za a ɗauki direban. A saninmu, mai mota yakan tambayi labarinka a tasha, in ya ji ba ka sha, ba ka sayar da gazwal, man motar, sai ya miƙa maka makulli ya ce ka zaga da shi ya gani. Wannan karon aka ce zama za a yi da mutum a biro, wato ofis, a yi masa tambayoyi kamar mai neman aikin gwamnati. Wai ɗan ƙanwar Alhajin ne ya dawo daga karatu a Yamai, ya kawo sabon tsari.

Ban taɓa irin wannan zaman ba, don haka na tafi wajen maƙwabcina, wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Maraɗi da ya yi ritaya ya ƙi barin garin. Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a gindin katangarsa, ya sa gilashi, ya gyara murya, ya zama mai ɗaukar aiki.

"Me ya sa kake son aikin nan?" ya tambaye ni.

Na ce, "Malam, ai ka sani. Yunwa."

"Kada ka kuskura ka faɗi haka. Ka ce kana son ka ba da gudummawa ga ci gaban kamfani."

"Kamfanin da ban taɓa shiga ba?"

"Haka ake cewa."

Ya koya mini yadda zan faɗi abin da na ƙware a kai ba tare da cika baki ba, da yadda zan faɗi rauni na wanda ba rauni ba ne, wai in ce na cika damuwa da tsabtar mota. Muka yi ta dariya. Amma abu biyu ya faɗa da gaske, ya cire gilashin kafin ya faɗe su. Ya ce in aka jefo mini tambayar da ban zata ba, kada in yi saurin buɗe baki. In maimaita tambayar kamar ban ji sosai ba, ko in nemi ƙarin bayani, kafin nan hankalina ya dawo. Sannan ya ce a ƙarshe za su tambaye ni ko ina da tambaya, kada in ce babu, don mai cewa babu ana ɗaukarsa wanda bai damu ba.

Ranar zaman da hantsi na isa. Bazara ce, tun kafin rana ta take ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Biron yana can ƙuryar wata babbar mangaza ta ajiyar kaya, sai ka ratsa tsakanin kwalayen taliya da aka jera har rufi kafin ka kai. Da na tura ƙofar sai sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ya buge ni, tare da warin kitse. Mutum uku na tarar. Alhajin yana tsakiya a kan kujera mai juyawa, ƙato, fari sol da shadda, gabansa takardar balangu a buɗe da albasa da yaji, carbi a rataye a hannun kujera. Ɗan ƙanwar tasa yana dama da shi, siriri, cikin kwat, ya buɗe ƙaramar na'urarsa yana dannawa. A hagu, kusa da ƙofa, shugaban direbobin Alhajin ne zaune a kan benci, wani dattijo ɗan Abzin da rawani ya rufe masa rabin fuska. Shi na san shi a hanya tun da daɗewa. Ana cewa ko iska ta share sawun taya kaf, shi ba ya ɓata.

Na yi sallama, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Saurayin ya karɓi permi da takardun aikina, ya duba sama-sama ya ajiye. Na zauna a bakin kujera ina jiran a tambaye ni dalilin da ya sa nake son aikin, amsar tana kan harshena.

Alhajin ya ɗauki tsoka ya jefa a baki, ya dube ni yana tauna. Ya ce, "Kai mai tausayi ne?"

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Mai tausayi, Alhaji?"

"Haka na ce."

Na rasa ta inda tambayar ta ɓullo. In na ce e, ban san ko abin da ake so ke nan ba. In na ce a'a, wane irin mutum ne zai zauna gaban manya ya ce ba shi da tausayi? Na ce, "Daidai na ɗan Adam, Alhaji."

Saurayin ya danna wani abu a na'urarsa. Sannan ya jingina, ya fara da Faransanci, da ya ga kawun nasa ya ɓata fuska sai ya juya Hausa. Ya ce wannan gwaji ne na yadda mutum ke yanke shawara a cikin matsi, in saki jiki, babu amsar da ba daidai ba.

"Ka ɗauko kaya daga iyaka, mota cike, rana tsaka. Can gefen hanya ka hango mutane suna kaɗa maka riga. Me za ka yi?"

Nan na ɗan ji ƙafata ta taɓa ƙasa, don tambayar hanya ce. Na ce, "Wane irin mutane? Su nawa? Akwai mota ko babur kusa da su?" Na bayyana cewa ƴan fashi ma sukan yi haka, su sa mutum ɗaya ya kwanta kamar mai ciwo, sauran su ɓuya bayan tudu. Na ce ba zan kashe mota ba, zan rage gudu daga nesa in duba sawu, in duba tudun da ke kusa.

Alhajin ya buga tebur da bayan hannu, ya dubi dattijon. "Ka ji direba."



Saurayin ya ce, "To ka duba, ba ƴan fashi ba ne. Irin mutanen nan ne da ake korowa."

Duk wanda ya bi hanyar nan ya san su. Baƙin haure ne da ake korowa daga ƙasar da ke ƙetaren iyaka, ana sauke su a bakin iyakar, a nuna musu inda Assamakka take, su tako da ƙafa. Wasu su kuskure garin su wuce ta gefe. Wasu su isa, su gaji da jira, su kama hanyar Arlit da ƙafa, da tunanin tafiya ce ta yini guda. Na sha ganin su a shekarun da na yi a can: leɓe a fashe, takalmi ɗaya, ido kamar na wanda ya tashi daga doguwar jinya. Na kuma sha ganin inda tafiyar wasu ta ƙare, tulin duwatsu da tsohuwar taya a kai.

Na ce, "Sai in tsaya in ba su ruwa."

Alhajin ya ce, "Ruwan wa?"

Na maimaita, "Ruwan wa, Alhaji?"

"Ruwan da ke cikin duron da ke ɗaure a jikin motata. Na wa ne?"

Na ce na direba ne da yaron mota, da kuma injin in ya yi zafi.

"Ka ga ba ka ambaci kowa ba bayan su," in ji shi. Ya gama da naman, ya jawo kwandon shara da ƙafa, ya ɗauki gorar ruwan sanyi da ke gabansa, irin na kanti mai hatimi, ya buɗe ya dinga tsiyayawa a kan yatsunsa yana murza kitsen. Ruwan yana zuba a kan takardu da ƙwallon dabino da ke cikin kwandon. Sai da ya ƙarar da gorar, ya yarfe hannu, ya goge da gefen labule. Duk wannan yana magana. "Ni ba na hana taimako. Musulmi ne ni, ka tambaya a unguwa a gaya maka wanda ya sa wa masallaci tayil. Amma taimako da tsari ake yin sa. Ka tsaya wa mutum goma yau, gobe ɗari ne za su jira ka a wurin. Motata ba ta masu agaji ba ce. Su an biya su su yi wannan, ni ba wanda ya biya ni."

Sannan ya bayyana mini tsarin, a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. In na ga irin mutanen, ba laifi in tsaya, amma kada in sauko, kada in buɗe duro. In tambaya ta taga wa ke da waya, wa ke da ɗan'uwa da zai iya turo masa wani abu in an iso inda layin waya yake. Wanda ke da su, ya hau saman kaya, in karɓi wayar in riƙe har sai an sallami kamfani. Sauran in nuna musu hanya da hannu.

"Nuna hanya ma sadaka ce," ya ce.

Saurayin yana ta kaɗa kai yana rubutawa, kamar wata sabuwar hikima ce ke fita daga bakin kawunsa. Ni kuwa ina kallon kwandon sharar, ruwan ya fara ɗiga ta gindinsa yana bin siminti zuwa wajen takalmina. Na janye ƙafata.

Ba a jira ta bakina ba. Saurayin ya wuce tambaya ta gaba.

"Cikin waɗanda ka ɗauka, ɗaya ya cika a saman mota kafin ka iso gari. Me za ka yi?"

Wannan ban maimaita ta ba. Na ce zan yi masa addu'a, in rufe shi da abin da na samu, in kai shi wajen hukuma mafi kusa, a yi masa sutura, a nemi sanin ko shi wane ne don wata rana danginsa su daina jira.

Alhajin ya sa tsinke a haƙori. Ya daɗe yana sakata yana dubana kafin ya yi magana.

"Ka taɓa ɗauko kwalin tumatirin gwangwani ya kumbura ya fashe maka a hanya?"

Na ce na taɓa.

"Jandarma ka kai shi?"

Saurayin ya yi ƴar dariya, ya dubi na'urarsa, ya ce abin da kawu ke nufi shi ne direba ya san inda nauyin da ke kansa ya tsaya, kuma abu na farko a wajensa shi ne kare dukiyar kamfani. Alhajin ya ɗaga masa hannu, alamar ba ya buƙatar tafinta.

"Abin da nake nufi na faɗa. Wanda ya mutu ya mutu, Allah ya jiƙan musulmi. Ƙasar Allah ce ko'ina, yashi kuma ba a sayen sa. Akwai shebur a kowace motata."

Na yi shekaru ina zama da direbobi, na ji maganganu marasa daɗi iri-iri. Na san masu sayar wa matafiya ruwa da tsada, na san wanda ya taɓa sauke fasinja a daji don rigimar kuɗin mota. Amma waɗannan a ɓoye suke yi, in an tayar da zancen su sunkuyar da kai ko su rantse ƙarya ake musu. Ban taɓa ganin an zaunar da mutum a ɗaki mai sanyi, an karɓi takardunsa, an buɗe na'ura, ana auna ko zuciyarsa ta mutu daidai yadda ake buƙata ba. Yawu ya cika mini baki, na rasa inda zan tofar. Na haɗiye.

Ina son aikin. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Da safen nan na bar mai ɗakina tana kankare gindin buhun fulawa. Na nemi maganar da ba za ta zama zagi ba, ba kuma za ta zama yarda ba. Na ce, "Alhaji, abin da mutum zai yi a hanya, sai ya ga hanyar."

Fuskarsa ta washe. Ya nuna ni da tsinken, ya juya wajen ɗan ƙanwarsa. "Wannan ya gane. Ba ya son faɗa a gaban mutane ne. Irinsu nake so."

Na ce, "Alhaji, ba haka nake nufi ba."

"Na sani, na sani. Ba sai ka ce ba."

"Ina nufin ni ba zan iya rufe mutum in wuce kamar ban gan shi ba."

"Haka za ka ce ko a gaban alƙali," ya ce, yana dariya har tumbinsa na motsi. "Madalla."

Duk abin da na faɗa daga nan, wayo ya ɗauke shi. Kamar ya riga ya yanke cewa duk wanda talauci ya koro har cikin ɗakin nan irinsa ne, saura kawai a ga wanda ya fi iya rufe baki. Wannan ya fi maganar tumatirin ƙona mini rai.

Ya ce saura tambaya ɗaya, kuma shi zai yi ta da kansa. "Iyalinka tana da surutu?"

Na dube shi.

"Tana yawon biki? In ka dawo daga tafiya kana ba ta labarin hanya? Mata ne ke fitar da zance. Daga ɗaki sai bakin famfo, daga bakin famfo sai rediyo."

A inda na tashi, namiji ba ya tambayar namiji halin matarsa sai in likita ne ko alƙali. Na ce, "Iyalina tana gidanta, Alhaji."

"To, ta ci gaba da zama a can."

Saurayin ya rufe na'urarsa rabi, ya yi murmushin da aka koya masa, ya ce sun gode, ko ina da wata tambaya da zan yi musu? A gida na shirya tambaya a kan yadda ake gyaran motocin da wanda ke sayen taya. Ba ita ta fito ba.

Na ce, "Direban da ke jan motar nan kafin yanzu, ina yake?"

Saurayin ya dubi kawunsa. Alhajin ya ɗauki carbinsa daga hannun kujera ya fara ja.

"Ya bar aiki," ya ce. "Gobe da safe ka zo ka karɓi makulli. Dattijo zai nuna maka motar."

Na miƙe, na karɓi takarduna. Ya miƙo mini hannu, na karɓa don babu yadda zan yi. Hannun da sanyi, da sauran santsin kitse.

Da na fito daga mangazar zafin rana ya rufe ni, kuma wallahi daɗinsa na ji. Na zaga bayan katanga na tofar da abin da ke bakina, na ɗebi ƙasa mai zafi na murza a tafin hannuna. Ina cikin haka na ji taku a bayana. Dattijon ne. Ya tsuguna a ƴar inuwar katangar, ya yi mini alama in tsuguna. Ya sassauta rawaninsa kaɗan. Hausarsa irin ta mutanen duwatsun Abzin ce, ba ta raba mace da namiji.

"Ka tambayi labarin yaron da ke jan motar a da," ya ce. "Ɗan Tawa ne. Ni na koya masa hanya."

Ya ce yaron ya ci karo da mutane a tsakanin Assamakka da Arlit, sun yi nisa da sawun motoci, sun zauna kawai don ƙafa ta ƙare. Ya kwashe su duka, ya ba su ruwan duro har ya ƙare.

"Akwai mace ɗaya, yana da jariri a baya. Ya sha ruwa, ya yi godiya. Kafin gari ya mutu a saman kaya."

Yaron bai tsaya ko'ina ba sai ofishin jandarma. Su kuma suka yi abin da aikinsu ya ce, suka riƙe motar har a gama bincike. Kayan suka makara, wani ɗan kasuwa ya fasa saye. Ranar da aka saki motar Alhajin ya karɓi makullinsa a gaban mutane, sannan ya bi masu motocin tasha ɗaya bayan ɗaya yana ce musu yaron mai jawo fitina ne. Babu wanda ya sake ba shi mota. Yanzu yana can wajen zinariya yana fasa dutse.

Na ce, "Jaririn fa?"

"Yana da rai. Masu agaji sun karɓa."

Na so in tambaye shi yadda yake iya zama a kan bencin nan yana jin irin waɗannan tambayoyi ana yi wa mutum bayan mutum. Ban tambaya ba, don ya girme ni, kuma na ga amsar a yadda yake kallon ƙasa. Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya mayar da rawanin kan hancinsa.

"Gobe ka zo ko kada ka zo. Ni ban ce maka komai ba."

Da ƙafa na koma gida, ban nemi abin hawa ba. Mai ɗakina tana wanke kaskon suya a tsakar gida. Ta dubi fuskata ta ce, "Ba su ɗauke ka ba."

Na ce, "Sun ɗauke ni."

Na zauna a kan turmi na ba ta labarin tun daga farko, har da tambayar da aka yi a kanta. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma daina goge kaskon ba, sai dai gugar ta ƙara ƙarfi. Da na gama ta kife shi a jikin bango, ta daɗe tana tsaye ta ba ni baya.

"Maigida, ka san abin da ya rage a ɗakin nan," ta ce.

"Na sani."

"Ba cewa na yi ka je ba. So nake in tabbata ka sani." Ta shiga ɗaki. Can na jiyo muryarta daga ciki, ba da ƙarfi ba: "Tumatir. Uwar wani, tumatir."

Ranar ba ta ci abincin rana ba, ni ma haka.

Da la'asar malamin ya leƙo ya ji yadda aka yi. Na faɗa masa. Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce shi duk shekarun da ya yi yana shirya yara don irin wannan zama, bai taɓa jin an yi waɗannan tambayoyin ba, kuma da ya sani da bai ɓata mini yamma da zancen tsabtar mota ba. Na ce masa dabararsa ta maimaita tambaya ta yi mini amfani, don ba don ita ba da tun a ta farko na tashi. Ya ce bai tabbata wannan amfani ba ne.

Washegari ban je ba. Wajen azahar saurayin ya kira ni a waya, ya ce kawu yana jira, ko lafiya? Na ce ya gaya wa Alhaji na gode, motar ta fi ƙarfina. Ya ce ai taya goma ce kawai, kuma takarduna sun nuna na ja wadda ta fi ta. Na ce haka ne. Ya jira ƙarin bayani, da bai samu ba ya kashe.

Mun sha wuya a watannin da suka biyo. Sai da muka sayar da firji, babbar ƴata ta bar lakwal na wani lokaci tana taya uwarta suya. Daga baya na samu wata tsohuwar ƙaramar mota ta wani mai lambu, ina ɗauko masa albasa da dankali daga garake, wato lambunan ban ruwa, ina kawowa kasuwa. Ita nake ja har yau. Ba ta da ƙarfi, kuma rabin ranata a ƙarƙashinta nake yi da sifana.

Motar Alhajin ba ta kwana biyu babu direba ba. Wanda ya karɓe ta na san shi sosai, tare muka yi jigilar ma'aikata, tare aka sallame mu. Mutum ne mai yawan iyali, ga tsohuwar uwa da ba ta gani. Ban taɓa jin haushinsa ba. Mukan haɗu wajen mai shayi a tasha in ya sauko daga tafiya. Ya yi ƙiba kaɗan, ya sayi babur. Da can shi ne mai ba mu dariya a gareji, yanzu yakan zauna a ƙarshen benci ya riƙe kofi har shayin ya huce.

Wata rana muka rage mu biyu. Ya juyo ya ce, "Ɗan'uwa, wancan makon, bayan an wuce wurin nan mai baƙaƙen duwatsu…" Sai ya tsaya. Na ajiye kofina ina jira. Ya dubi titi, ya dubi hannunsa. Sannan ya tambaye ni ko na san inda ake samun taya ta hannu mai sauƙi, wai ta baya ta fara cinyewa. Na kwatanta masa shagon. Ya biya kuɗin shayinmu duka biyu, ya hau babur ɗinsa ya tafi.